Kiran Inna na Hantsi

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ambaci sunana ba. Wanda ya tashi a irin gidanmu ba zai ga abin mamaki a nan ba. Kakanninmu fatake ne da suka taso daga Haɗejiya suka zauna a Gashuwa. Sun zo da mudunsu, sun zo da kunyarsu, kuma a cikin kunyar nan babu wadda ta kai ta ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama hira da shi. Ana yaye ni aka ɗauke ni aka kai wa kakata ta wajen uba a Nguru. Can na girma, can aka yi mini aure, can nake har yau da keken ɗinkina. A bakin Inna sunana "ta Nguru", sai ka ce wata motar haya.

Ba wai ba ma magana ba ne. Muna yi, amma sai da ɗan tsakani. In na je gida na durƙusa na gaishe ta, sai ta kalli bango ta amsa a taƙaice. Ina zaune a tabarma ɗaya da ita za ta juya ta ce, "Ku tambayi ta Nguru ko ta ci abinci." Wanda ke kusa ya tambaye ni, in ba shi amsa, ya mayar mata, alhali duk muna jin juna. Ina ƙarama abin yana ba ni dariya. Da na girma ya koma ba ni haushi, don ni ban iya ɓoye haushi ba, kowa a danginmu ya san da haka.

Da waya ta shigo gidanmu, aikin tsakani ya faɗa hannun Auta, ƙanwarmu ta ƙarshe, malamar firamare, wadda ke zaune da Inna tun bayan rasuwar Baba. Ita babu wata kunya tsakaninta da Inna, har faɗa suke yi a kan sabulu. In na kira, sai Auta ta buɗe sifika ta ajiye wayar a tabarma, in yi magana, Inna ta amsa wa Auta, ni kuma in tsinta daga gefe. A haka muka yi shekaru.

Sai kunnen Inna ya fara nauyi. Na dama ya fara, na hagu ya bi shi. Tun tana musu tana cewa mu ne muke magana a ciki, har ta kai a yi sallama a tsakar gida ba ta amsa ba. Daga nan sifika ta daina amfani. Sai in zauna in tsara gaisuwata, in tambayi ƙafarta, in ba da labarin yara da na unguwa, sannan in ji Auta ta kai baki kunnen Inna ta kurma ihu, "Ta ce tana gaishe ki!" Shi ke nan. Duk abin da na faɗa ya ƙare a nan, kuma maƙwabta sun ji.

Na ce, "Ke Auta, haka na ce?"

Ta ce, "Yaya, maƙogwarona ba na haya ba ne. In kina da dogon labari ki hau mota ki zo."

Ana cikin haka Auta ta sami miji, wani malami abokin aikinta da ke Jakusko. Kowa na murna, ni ma na yi, amma a raina lissafi ɗaya nake yi. In Auta ta tafi, wa zai tsaya tsakanina da Inna? Akwai matar Baffa, wato matar ƙanen mahaifinmu, a ɗaya sashen gidan. Mace ce mai kirki, sai dai tana da tata hidimar, ba za ta bar tukunya a wuta don ta zo ta yi mini ihu ba. Na ga alamar ɗan siririn zaren da ya haɗa ni da uwata yana shirin tsinkewa.

Ƙanena da ke aiki a Kano shi ya kawo mafita. Ya zo ya ɗauki Inna ya kai ta asibiti a can, aka auna kunnen, aka haɗo ta da na'urar ji guda biyu. 'Yan ƙanana ne, kowace ba ta fi ƙwayar dabino ba. Ana maƙala su a bayan kunne, ɗankwali ya rufe, babu mai sanin tana sanye da wani abu. Suna da ɗan akwatinsu da ake kwantar da su a ciki su sha caji, ƙanen nawa ya kuma haɗo mata da ƙaramar sola saboda halin wutarmu. Abin da ya fi burge shi kuwa shi ne bulutut. Ya haɗa na'urar da 'yar wayar Inna mai madannai, ta yadda in an kira ta maganar ba ta fitowa ta wayar, kai tsaye take shiga kunnenta. In ta taɓa wani ɗan maɓalli a bayan kunnen ta amsa ke nan. Na'urar ce kuma ke ɗaukar muryarta, don haka wayar tana iya zama a ɗaki ita tana tsakar gida.

Da ya gama yi mini bayani na ce alhamdu lillahi, ashe da rabon zan yi hira da Inna kafin ɗayanmu ya mutu. Ba Auta, ba sifika, ba maƙwabta. Daga bakina sai kunnenta.

Ranar da suka dawo daga Kano na kasa haƙuri har su huta. Na rufe ƙofar ɗakin ɗinki, na gyara zama kamar tana ganina, na kira. Aka amsa. Na ce, "Inna, ina wuni? Ya gajiyar hanya?" Shiru. Ina jin numfashinta kusa da ni, abin da ban taɓa ji ba. Sai kawai ta ɗaga murya.

"Auta! Zo ki cire mini abin nan. Ta Nguru ce a cikin kaina!"

Na ji gidan ya ɗauki dariya, har da ƙanena. Labarin ya zaga dangi, a wurin bikin Auta ma sai da aka maimaita shi, wata gwaggonmu har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Na ji ciwo ƙwarai, kuma na yi fushi. Shekarata nawa ina jiran ranar nan, aka ce a zo a cire ni.

Bayan an kai Auta Jakusko abin da nake tsoro ya tabbata. In na kira Inna ba ta amsawa. Ba wai ba ta iya ba ne, don da ƙanena sai su yi ta hira har ya ce mata zai shiga ofis. Da Auta kuwa har faɗan sabulun suka ci gaba da yi ta waya. Ni kaɗai ce in na kira sai ta yi ta ringi har ta gaji. Saƙona sai ta hannun matar Baffa, in ta samu sarari. Na'urar da na ɗauka za ta kusantar da ni ta kusantar da kowa ban da ni.

To ana nan, wata rana da hantsi ina kan keke ina haɗa wuyan riga, sai wayata ta yi ƙara. Na duba na ga Inna. Gabana ya yanke ya faɗi. Matar da ba ta taɓa kirana ba, in ta kira ai mutuwa aka yi. Na yi maza na ɗauka.

"Salamu alaikum. Inna? Inna, lafiya?"

Babu amsa. Ina jin kaji, ina jin ƙarar tire kamar ana tsince shinkafa, ina jin wannan numfashin. Na yi ta kira, shiru. Na kashe na sake bugawa, ba a ɗauka ba. Na buga wa matar Baffa a rikice. Ta leƙa ta dawo ta ce, "Lafiyarta ƙalau, ga ta can a ƙofar ɗaki tana tsintar shinkafa. Wayar ma ba ta hannunta."

Washegari aka kuma. Bayan kwana biyu aka sake. Kullum da hantsi, kullum ba a cewa komai. Na yanke hukunci da kaina cewa wayar ce ke danna kanta a ƙarƙashin filo, ko kuma wannan bulutut ɗin ne ya haukace. Wani lokaci in kashe nan take. Wani lokaci hannuna na cikin aiki, sai in amsa in yi sallama, in ba a tanka ba in jefar da ita a kan keke in manta. Ina faɗa da yara, ina ciniki da masu kawo ɗinki, ina 'yan waƙe-waƙena, can in duba in ga ashe layin a buɗe yake. In na kara a kunne sai in ji gidanmu na Gashuwa, tsintsiya, luguden maƙwabta, akuyar matar Baffa. Jefi-jefi sautin ya riƙa yankewa yana ƙarƙara, sannan ya dawo ya daidaita.

Abin ya hana ni sakat. Duk da na san babu komai, kowane kira sai gabana ya faɗi, don ranar da za a kira da gaske ma ai da wannan lambar za a kira. In hantsi ya yi sai in kasa zama, in tashi in sha ruwa, in dawo, in leƙa waya. In an kira in ji haushi, in ba a kira ba in ce ko lafiya. Ga ƙanena yana mita wai katin Inna ba ya kwana. Wata rana wata mai kawo mini ɗinki ta ga wayar tana haske a kan keke ta ce, "Ba ana kan layi ba?" Na ce, "Ƙyale ta, wayar Inna ce. Ta fi mai ita zumunci." Muka yi dariya. Da na waiwaya an kashe. Washegari da hantsi aka sake kira.

Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, na ce gara in je in yi maganinsa. Bazara ce, irin zafin Nguru da ke sa mutum ya tsani rigar jikinsa. Na je tasha na shiga motar Gashuwa, aka cusa mu kamar buhunan riɗi, ga wani bawan Allah da kwalin bandar kifi a cinya. A Jajimaji direba ya tsaya neman fasinja alhali ko allura ba ta da wurin zama, na gaya masa abin da ke raina, ya ce, "Hajiya, da zafinki da na gari wanne za mu ji da shi?" Na bar shi don ba shi na fito nema ba.

Ina shiga gida na ga wani abu da ya ƙara mini haushi. Tun muna yara wurin zaman Inna da hantsi shi ne gindin darbejiya, kusa da zaure, inda inuwa take da iska. Yanzu ta ɗauke kujerarta ta dawo da ita ƙofar ɗakinta, gefen turmi, inda rana ke dukan mutum tun daga hantsi har azahar. Tana zaune gumi na bin wuyanta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango. Na ce, "Inna, ga inuwa can, me ya kawo ki cikin rana?"

Ta dubi matar Baffa ta ce, "Ku ce mata iskar nan ta fi."

Ko ganye ba ya motsi a wurin. Na ce a raina tsufa ne, na shiga ɗaki na ɗauko wayar a ƙarƙashin filo na fita da ita.

Akwai wani mai gyaran waya a bakin tasha, Babarbare mai fara'a, a cikin 'yar rumfar kwano. Na zayyana masa matsalar. Ya juya wayar, ya danna nan ya danna can, ya ce, "Hajiya, ni fa ban ga laifin wayar nan ba. Makulli gare ta, ba ta kiran mutum haka kawai." Na ce masa ba fatawa na zo nema ba, ya raba ta da abin kunnen kawai, magana ta koma fitowa ta sifika kamar da. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "To, kuɗinki ne." Kafin in gyara mayafi ya gama.

Na dawo na miƙa wa Inna, na yi mata bayani ina jin kaina kamar wadda ta yi abin kirki. Na ce an gyara, ba za ta ƙara kiran mutane da kanta ba, in an kira ta kuma kowa zai ji, sai matar Baffa ta riƙa taya ta amsawa. Ta karɓa ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta ajiye ta a gefe. Da zan tafi ta sa aka ƙulla mini busasshen kifi da kuka, ta ce a ce mini in gaida yara.

Na koma Nguru na sami abin da na je nema. Hantsi ya yi, waya ba ta yi ƙara ba. Washegari ma haka. Na zaci zan sami natsuwa, ashe garin neman gira na rasa ido. Sai na tsinci kaina ina ɗaga wayar ina dubawa ko ta mutu, ina fita tsakar gida da ita ko sabis ne. Na haɗa wa wata amarya hannun riga a baibai, na farke, na sake haɗawa a baibai. Maigidana ya ce, "Da ana kiranki kina mita, yanzu an daina kina mita. Ke wai me kike so?" Na ce masa in na sani zan gaya masa. Gaskiyar magana kewar kajin nan nake yi, da tsintsiyar, da numfashin.

Ba a yi mako biyu ba matar Baffa ta kira ni. Ta ce Inna ta cire abin kunnen duka biyun ta zuba a cikin kwalla ta rufe, ta ce ya mutu. An gwada an ga lafiyarsa ƙalau, caji ma a cike, amma ta ƙi mayarwa. Ta koma gidan jiya, a yi sallama ba ta ji, a kira salla sai an taɓa ta. Ƙanena ya kira ta bai samu ba, ya kira ni yana faɗa, na mayar masa da wanda ya fi nasa. Da na rasa wanda zan sauke wa sauran, na buga wa Auta a Jakusko.

Na kwashe labari na gaya mata tun daga kiran farko har zuwa rumfar mai gyara. Tana cikin dariya sai ta katse ni.

"Yaya, me kika ce an yi wa wayar?"

"An raba ta da abin kunnen. Tana ta kirana ba gaira ba dalili."

"Inna lillahi. Yaya, ba wayar ba ce."

"To wace ce, aljana?"

Ta ja numfashi ta ce, "Ranar da za a kawo ni nan, da safe, Inna ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa. Ta ce in nuna mata inda ake dannawa a sami ta Nguru. Na saita mata ke a madanni na farko. Na nuna mata sai ta fara buɗe makullin, sannan ta danne madannin ta riƙe. Ta sa na yi ta maimaita mata har hannunta ya iya. Sai ta tambaye ni, in ta bar wayar a ɗaki ta fito, akwai wanda zai ji abin da take ji? Na ce babu, ita kaɗai. Ta ce to kada in gaya wa kowa."

Abin da na fara yi shi ne na rufe Auta da faɗa, don me ba ta gaya mini ba. Ta ce, "Amana aka ba ni. Kuma wa ya san za ki kai ƙarar uwarki wurin mai gyaran waya?" Na kashe. Na zauna a gaban keke ban taka shi ba. Ashe ranar farko ba ni aka ce a cire ba, idon mutane ne ya yi mata yawa. Ashe duk hantsin nan tana zaune tana jin faɗana da yara, da cinikina, da waƙoƙina marasa daɗi, babu wanda ya gan ta da waya a hannu balle a ce tana hira da 'yar fari. Sai maganar da na gaya wa mai ɗinkin nan ta dawo mini, wai wayar ta fi mai ita zumunci. A cikin kunnenta na faɗa, kuma washegari ta sake kira. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba.

Da gari ya waye ina tasha. Wannan karon ban yi faɗa da kowa a mota ba, sai dai na ga kamar direban da gangan yake tafiyar hawainiya. Na sami Inna ta mayar da kujerarta gindin darbejiya. Na gaishe ta da ƙarfi, ta ga bakina ya motsa ta amsa wa bishiya. Na wuce ɗaki, na buɗe kwalla na kwaso na'urar, na ɗauko wayar. Na fito ta gabanta da su a hannu. Ta gani sarai, ta kau da kai.

Mai gyara yana hango ni ya fara murmushi. "Wushe, sannu Hajiya. An dawo a mayar da auren da aka raba?" Na ce ya yi aikinsa ya bar ni da abin da ke damuna. Yana haɗawa yana surutu. Ya ce abin nan yana da iyaka, ba ya son nisa kuma ba ya son bango. In wayar tana ɗaki mai ita ta yi 'yar tafiya a tsakar gida, sai magana ta fara yankewa, in ta ƙara gaba ta ɗauke gaba ɗaya. Ya ce a gaya wa tsohuwa ta riƙa zama kusa da ɗakin. Na ce masa ta riga shi sani. A nan na gane abin da ya kai ta cikin rana gefen turmi.

Na dawo na durƙusa na zuba mata na'urar a tafin hannu. Ta jujjuya su, ta ɗaga gefen ɗankwali, ta maƙala da kanta ɗaya bayan ɗaya. Ban dube ta ba. Na juya wajen matar Baffa na ɗaga murya yadda za ta ji.

"An mayar da shi yadda yake. Mai gyara ya ce haka irin wayar nan take, takan kira mutane da kanta, ba ta da magani. Ni kuma kiran ba ya damuna ko kaɗan. Hasali ma in ba a kira ba ɗinkin ba ya tafiya."

Matar Baffa ta ce, "Ikon Allah, wayoyin zamani." Inna ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Ku ce mata ta ci abinci kafin ta hau mota." Na ci. Kafin in tafi na sa Baffa ya nemo masu zana aka kafa 'yar rumfa a ƙofar ɗakin, na ce saboda shanya.

Na koma Nguru na shiga jira. Hantsin farko babu kira. Na biyu ma babu. Na ce shi ke nan na ɓata, ta gane na sani, kunya ba za ta bar ta ta sake ba. Na ɗauki waya zan buga na ajiye ya fi a ƙirga, don na san in na buga na ƙara lalata abin. Na share ɗakin da yake a share, na zuba wa keke mai alhali bai nema ba, na kori yara waje na kuma kira su.

Sai wata rana, ina yanka yadi, ta yi ƙara. Na ajiye almakashi. Na amsa, ban yi sallama ba, ban ce Inna ba. Na buɗe sifika na jingina wayar a jikin keke, na ji kajin nan sun cika mini ɗaki. Babu kowa a gidana, yara suna makaranta, babu wanda zan fake da shi. Sai na dubi keken na ce, "Ke kuma wannan tsohuwa, bari in ba ki labari." Na fara ba wa keken ɗinki labarin gwiwata da ke ciwo in zan tashi daga sujada, da babban ɗana da ya ce shi noman shinkafa zai yi a fadama ba zai zauna a shago ba, da yadda ciyawar kacala ta cinye hanyar ruwa har masunta na kuka. Na shiga labarin amaryar da na haɗa wa hannu a baibai. Ina cikin bayarwa na ji ta cikin wayar an yi sallama daga can nesa, muryar mace, wata 'yar ƙauyen Dagona da ke kawo kifi gida-gida.

Na ji kujera ta motsa, na ji takun silifas ɗin Inna. Taku kaɗan sautin ya fara ƙarƙara yana yankewa. Na ci gaba da magana duk da na san ba ta isa. Sai takun ya tsaya. Ya juyo. Kajin suka dawo tas, numfashin ya dawo.

"Shigo da shi nan, 'yar nan," in ji Inna. "Ba na wuce turmin nan."

Mai kifi ta ce, "Ƙafar ce ta tashi, Inna?"

"Ƙafa lafiyarta ƙalau. Ana ba ni labari ne, ba a kai ƙarshe ba."

Na nemi inda na tsaya a labarin na rasa. Na jawo yadin mutane na goge fuskata da shi, na gyara zama, na faro mata shi tun daga farko.